Kawu Mai Darbil

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu tattara. Kawu ya riga mu isa, Allah Ya sa ya iske rahama.

Na sha zaman makoki a garin nan na Makka, amma ban taɓa zama a irin nasa ba. An yi masa salla a Harami bayan Azahar, muka kai shi makwanci, muka dawo ɗan gidan da suke haya a unguwar Shisha shi da matarsa, wadda duk muke kira Inna. Ni na shimfiɗa darduma a falo, na jera gahawa da dabino, na zauna bakin ƙofa ina karɓar gaisuwa, don ni ne ɗan ƙanwarsa, kuma 'ya'yan da Allah Ya ba su tun suna jarirai Ya karɓi abinSa. Mutane sun zo, ba zan yi musu ƙarya ba. Amma wane irin zuwa? Mutum zai shigo ya ce "Allah yirhamu", wato Allah Ya jiƙan sa, da baki, ido kuwa yana can saman kabad, yana bin bango, yana leƙen bayan labule. Ya kurɓi gahawa, ko zama bai gyara ba, ya ce aiki na jiransa. Wani dattijo da suka yi maƙwabtaka da Kawu tun a tsohuwar unguwarmu ta Nakkasa ya ja ni gefe a kan matakala ya ce, "Akwai baƙi a ciki?"

Na ce, "Waɗanne baƙi?"

Ya ce, "Ka sani mana. Mutanensa."

Wallahi da ba daga maƙabarta muka dawo ba, da na gaya masa wadda zai kwana yana juyawa. Na dai ce masa babu kowa sai mu, ya shiga ya yi addu'a ya fita.

Da wani malami cikin ɗaliban nan 'yan gida masu karatu a nan ya miƙe ya ce duk wanda marigayi ya ɓata wa ya yafe masa, sai falo ya ɗauki gunaguni, ba ka iya cewa ga "na yafe" ga tsaki. Baffa, ƙanin mahaifina, yana kusurwa yana jan carbi. Ko kai bai ɗaga ba ya ce, "Allah Ya san abin da kowa ya gani, Ya kuma san wanda ya kai wa." Kowa ya gane.

Abin da suke nufi a fili yake. Wai Kawu muhbir ne, mai kai rahoton 'yan'uwansa marasa iƙama, wato takardar zaman ƙasa, wurin hukuma. Da wannan suna ya ƙare rayuwarsa, kuma da shi aka so a binne shi. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, ni da hannuna bai saba riƙe komai ba sai sitiyari.

Kawu mutumin ƙasar Katsina ne. Ubansu maharbi ne, uwarsu kuwa 'yar gidan dukawa, shi kuma ya ɗebo daga kowane ɓangare. Ya zo aikin Hajji da sabon aurensa, aka gama, jirgi ya tashi da sauran alhazai, shi da Inna suka yi zamansu. Ba su taɓa mallakar iƙama ba. Basillarsa ce ta ciyar da su: ɗinkin takalmi, gyaran jaka, ɗamarar da alhazai ke ɗaure harami da ita. In ka kawo masa fata, kafin ya dube ta sai ya sansana, ya gaya maka ta akuya ce ko ta tunkiya, ko kuwa roba ce aka yi wa fenti aka cuce ka. In kana azalzalarsa ya ce, "Sannu-sannu, ɗana, ba gudu za ta yi ba." Ko wuta ce ta kama, da wannan magana zai tarbe ka.

Yana da wani buhu a bayan ƙofa, cike da silifas warin ƙafa da yake tsintowa ya wanke ya haɗa su biyu-biyu. Lokacin Hajji in ya ga alhaji ya fito daga salla an tafi da takalminsa, yana tsalle-tsalle a kan kwalta mai zafi, sai ya zaro masa. Sau da yawa launin ba ya zuwa ɗaya. In alhajin ya zura hannu a aljihu, Kawu ya ce, "Haba, ai naku ne, na wani ɗan'uwanka ne ya ɓata bara."

Tantabarun Makka kuwa abokansa ne, kullum da ragowar shinkafa yake watsa musu. Amma na sha kama shi ya rufe ido ɗaya yana bin wata da kallo tana tashi, yatsansa na motsi a kan gwiwa. In ya ga na gan shi sai ya yi dariya ya ce, "Astagfirullah! Jinin Baba ne yake motsi. Ka ga ikon Allah, ɗan maharbi a garin da ba a farauta."

Ita Inna burinta ɗaya ne a duniya, kuma ba ta ɓoye shi: a rufe ta a ƙasar Makka. Don shi ta ƙi zaman talla a bakin titi inda ake kame, ta tsaya tana suyar waina a cikin gida ana zuwa saye. Don shi ta yi ta jin rasuwar iyayenta da ƙannenta daga nesa ba ta je ba. In aka yi zancen gida sai ta ce, "Ni gidana yana nan gaba kaɗan, ana haƙa mini shi."

To, ga yadda bindiga ta shigo cikin rayuwar waɗannan bayin Allah.

Akwai wani tsohon Balarabe mai gonar rumman da inabi a duwatsun bayan Ɗa'ifa. Shayib muke ce masa, wato tsoho. Wata shekara ya kawo wa Kawu ɗamara ta tsinke, ya ga ɗinki, ya dawo da wata, daga nan abota ta ƙullu. Sai ya zama wata farar wanet, motar nan mai buɗaɗɗen baya, tana tsayawa a gindin tudun Nakkasa lokaci-lokaci, Kawu ya sauka da jakar kayan aikinsa ya shiga, sai washegari a gan shi. Daga nan aka fara tsegumi. Mutum ba takarda, yana fita gari yana dawowa lafiya, ta yaya? Ba wanda ya tsaya ya ce ai Shayib ya san hanyoyin dutsen nan tun kafin a zuba musu kwalta.

Ni ina da iƙama ta hannun kafilina, Balaraben da ya tsaya mini, tuƙi nake yi. Da idon Shayib ya fara rauni ya rage tuƙi, sai Kawu ya ce ni zan riƙa kai shi. Ran farko, muna wuce alamomin iyakar Harami, ya ce in tsaya. Ya kama hannuna ya ce, "Abin da za ka gani, ka rantse ba zai fita daga bakinka ba." Na rantse, ina zaton wani mugun abu ne.

Ashe wata tsohuwar bindigar soja ce, irin waɗanda wata ƙasa ta gaji da su ta sayar da araha. Shayib ya saye ta da takardar izininsa cif, saboda birai da ke sauko masa daga dutse su yi wa rumman kaca-kaca, da kyarketai masu ɗauke masa 'yan tumaki. Yawanci ma sama yake harbawa su watse. Ya ce ranar da ya kawo ta, 'ya'yansa dariya suka yi ta yi. Ƙotar ta tsage, wani soja da ba wanda ya san ƙasarsa ya kankare haruffa a jiki, ga warin tsohon man shafawa, in ka harba ta tokare ka a kafaɗa sai ka kwana kana gasawa.

Abin da na gani a hannun Kawu ba wannan ba ne. Ya ɗinke tsagar ƙotar da ɗanyar fata, ta bushe ta kama kam. Ya yi ta murza icen da mai har ya yi duhu yana sheƙi. Ya yi mata maratayi da jar fatar akuya irin ta Sakkwato, wadda wata hajiya ta kawo masa tsaraba, ya zana mata ado irin na jakar gida. A inda kunci ke kwanciya ya ɗinka ɗan matashi, ya auna shi da fuskar Shayib, ya kwance, ya sake, har ya zauna daidai. Ƙarfen kuwa da kunamar ba ya taɓa su, ya ce ba aikinsa ba ne. Yana rungume da ita a cinya yana mata magana ƙasa-ƙasa. "Hajiya" yake ce mata.

Rigimar tasu da ɗan Shayib ce, wani matashi mai kirki amma kullum kansa na cikin waya. Shi ne mai odar kaya. Yau ya kawo robar da ake sa wa gindin ƙota don ta rage tokarar kafaɗa, Kawu ya juya ta ya juya, ya ce wannan da hankali aka yi ta, ya yarda. Gobe ya kawo wasu ƙafafu biyu na ƙarfe da ake kafa bindiga a kansu. Jibi fitila. Ranar da ya kawo wata baƙar ƙota ta roba sukutum, wai a cire ta icen a jefar, a gabana aka yi.

Kawu ya ce, "Ya waladi, ɗana, wannan ta wace yarinya ce?"

Yaron ya ce ai ta fi sauƙin ɗauka, ruwa ba ya cin ta, kowa ita yake sawa yanzu.

Kawu ya juyo gare ni da Hausa ya ce, "Ka ji fa. Tsohuwa za a sa wa takalmi mai tsini." Sannan ya ce wa yaron da Larabcinsa mai ƙamshin Katsina, in dai an cire icen nan, to a nemi wani baduku. Ya fara tattara basillarsa da gaske. Shayib yana zaune yana dariya har da hawaye, ya ce kayan da ɗansa ya sayo sun ninka kuɗin bindigar, amma har yau biri ɗaya bai ji tsoronsu ba. Aka mayar da ƙotar roba cikin kwalinta. Fitila da ƙafafun ma a bayan ƙofa suka ƙare.

Abu ɗaya Kawu bai yi musu a kansa ba, shi ne darbil, madubin nan na hangen nesa da ake ɗora wa bindiga. Shayib ya kai inda ba ya bambance biri da dutse. Da aka ɗora darbil ya leƙa, ya ga bishiyar ƙarshen gonarsa ganye-ganye, sai ya share ido da gefen rawaninsa. Kawu ya ce ƙurar dutse za ta ci gilashin, bari ya ɗinka masa riga ta fata mai murfi.

Kawu yana da doka da bai taɓa karyawa ba: makami ba ya ƙetare iyakar Harami. Ko harsashi ɗaya bai taɓa shigowa da shi Makka ba. Amma darbil ai gilashi ne kawai, sai aka kwance masa shi ya zo da shi gida don ya auna ɗinkin a natse. Da ya gama, ya hau rufin ɗakinsa da hantsi ya ga ko murfin yana tare gani. Wanda ya san Nakkasa ta da ya san gidaje ne a kan gidaje, rufin wannan shi ne tsakar gidan wancan. Rana ta doki gilashin ya yi walƙiya, unguwa kaf ta gan shi tsaye yana bin tudu da madubi.

Kuma Allah da ikonSa, a cikin madubin nan ya hango motocin kame suna taruwa can ƙasa, tun ba su fara hawa ba. Tsohon nan mai "sannu-sannu" ya buɗe murya yana ihu, "Ku tashi! Ga su nan! Ku bi ta bayan masallaci!" Mata suka suri 'ya'ya, maza suka bi lunguna. Mutane da yawa da ke barci a Makka yau, ihun nan ne ya bar su a cikinta. Amma babban ɗan Baffa yana dawowa daga kasuwa ta ƙasa, ya faɗa hannu. Aka kai shi gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu, daga can sai Najeriya, ƙasar da bai taɓa gani ba, Hausar ma a karye take a bakinsa.

Kwana kaɗan aka yi ana yi wa Kawu godiya. Daga nan tambaya ta fito: ya aka yi ya riga kowa sani? Wa ya ba baduku darbil? Me yake nema a rufi? Ba a daɗe ba aka zo ana shafa wa gidaje jan fenti na izala, alamar rusau, layin Baffa na cikin na farko, na Kawu na cikin na ƙarshe. Shi ke nan, magana ta zauna. Yara suka sa masa Mai Darbil. In ya doso majalisa, hira ta koma ta tsadar tumatir. Masu sayen wainar Inna suka ragu.

Baffa har ƙofar gida ya same shi, ina wurin. Ya ce, "Nawa suka ba ka a kan ɗana?"

Kawu yana ɗinki, ya ajiye basilla ya ce, "Ka zauna, Alhaji, rana ta yi zafi."

"Ba zama na zo yi ba! Madubin wa ka hau rufi da shi? Faɗi, in kana da gaskiya!"

Kawu ya dube shi ya ce, "Na wani ne."

"Wane ne wanin?"

"Ba zan faɗa ba."

Baffa ya tofar da yawu a gefen tabarmarsa ya tafi. Daga ranar bai sake amsa sallamarsa ba, ko a sahun salla suka haɗu sai ya canja wuri. Ni kuwa ina tsakiya, wannan ƙanin uba, wancan yayan uwa, ga rantsuwa a wuyana. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Kawu, don girman Allah ka bar ni in faɗa! Gonar rumman ce fa da birai!"

Ya ce, "To ka faɗa, sai su ce madubin mene ne? Ka ce na bindiga. Ka san kalmar nan in ta fita a Nakkasa da safe, ina za ta kai kafin La'asar? Ba mai cewa tana Ɗa'ifa, ba mai cewa da takardarta. Za a ce mu Takari, 'yan ƙasashenmu mazauna nan, mun ɓoye makami a Makka. Ranar ba mutum ɗaya za a ɗauka ba, ɗana. Kuma Innarka ce ta farko."

Na ce, "Sai ka zauna ana ce maka muhbir?"

Ya ce, "Muhbir ba a bincika gidansa." Ya yi 'yar dariya, amma ni na ga idonsa, abin yana cin sa. Wallahi yana cin sa. Mutumin da ke son hira kamar me, ya koma daga shi sai tantabaru.

Da rusau ya iso kansu suka koma Shisha, sunan ya bi su a motar kaya. A can ƙafa ta gaza, numfashi ya gaza, har ranar da Allah Ya karɓi abinSa yana zaune da wani takalmin yaro a cinya, bai ƙarasa ɗinkin ba.

Ranar sadakar uku bayan La'asar falon ya fi cika, don an ji za a yi rabon shinkafa. Sai ga farar wanet a ƙofar gida. Na ga mutane suna taɓa juna. Ɗan Shayib ya shigo riƙe da hannun ubansa, wanda yanzu ko ƙofa ba ya gani. Wasu suka fara laluben takalmansu da ido. Tsohon ya zauna, ya yi addu'a mai tsawo. Sannan ya juya fuskarsa wajen jama'a, yana so ya yaba wa abokinsa a gaban danginsa, ya ce, "Wallahi, kan aini." Wato, wallahi shi ne idona.

Innalillahi! Ni na san abin da yake nufi: mutumin da ya sa ya sake ganin ƙarshen gonarsa. Amma a Larabci kalmar nan ta ido, ita ce kuma ake kiran wanda aka dasa a cikin mutane yana leƙen asirinsu. Samarinmu haifaffun nan, da Larabci ya fi zama a bakinsu, su suka fara kallon juna. Ga Balarabe mai wanet ya zo da kansa ya faɗa a bainar jama'a. Baffa ya saki carbi a cinya ya ce da Hausa, a hankali, "To. Alhamdu lillahi. Ga shaida ta kawo kanta."

Shayib bai ji Hausa ba, har ya ɗaga hannu yana amsa masa da amin. Na buɗe baki, rantsuwa ta riƙe ni, don wanda na yi wa ita ya tafi amma dalilinta na nan zaune a ɗakin ciki.

Sai muka ji murya daga bayan labule.

Kowa ya san mai takaba ba ta ɗaga murya maza su ji. Inna kuwa ko ba takaba, akwai waɗanda suka yi shekaru suna cin wainarta ba su san muryarta ba. Ta ce, "Alhaji, da kai nake. Bindiga ce."

Na yi tsalle na isa bakin labule na ce, "Inna, don Allah!"

Ta ce, "Kai, yi mini shiru, ba kai ka aure shi ba." Ta ci gaba, ba gaggawa, ba kuka. Ta ce bindigar wannan tsohon ce, tana gonarsa da takardarta, ba ta taɓa shigowa Makka ba. Madubinta ne mijinta ya hau rufi da shi yana gwada rigar da ya ɗinka masa. Ta ce, "Ido da kuka ji, idon ganin biri ne. Ku tambaye shi, ga shi nan zaune."

Malamin nan ɗalibi ya tambayi ɗan Shayib da Larabci. Yaron ya zaro waya ya nuna hoto, ga Hajiya da jan maratayinta da adon gida a jiki, ga Kawu a gefe yana murmushi da basilla a hannu. Wayar ta zaga falo hannu zuwa hannu. Da ta iso wurin Baffa ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "To me ya hana shi faɗa?"

Inna ta ce, "Layinmu daban, amma katangar bayanmu ɗaya da kai a Nakkasa. Da an zo neman bindiga, a gidana za a tsaya? Sauran 'ya'yanka nawa ne a ɗaki ranar?"

Baffa ya sa hannu ya rufe fuskarsa.

Da mutane suka watse na shiga wurinta ina faɗa. Na ce ta san abin da ta yi kuwa? Falo cike da mutane, wa ya san cikin kowa? Ta ce, "Na sani sarai. Shi ya ɗauki sunan don in zauna. Ni ba zan zauna a kan sunan ba, yana kwance ba ya iya kare kansa."

Abin da Kawu ya faɗa bai faɗi ƙasa ba. Ba ta ko fita takaba ba aka ƙwanƙwasa ƙofa, wai an sami labarin makami a gidan. Suka duba ko'ina, cikin ladabi, ba su sami komai ba sai fatu da basilla da buhun silifas. Ɗan Shayib, Allah Ya saka masa, ya taho a guje da takardar izini, maganar bindiga ta mutu a yinin nan. Sai aka juyo aka ce, ina takardar zaman ita Inna? Wannan kam ba wanda ke da ita a aljihu. Na yi ta zirga-zirga, na roƙi kafilina, Shayib ya sa baki, ba ta yiwu ba, aka mayar da ita gida. Inna tana can ƙasar Katsina yanzu, a gidan jikokin wata ƙanwarta da ba ta taɓa gani ba sai a waya.

Wa ya kai maganar? Ban sani ba, kuma ba zan ɗora wa kowa ba, na ga abin da ɗorawa ke yi. Amma ina tuna fuskar duk wanda ya zauna a falon nan, da inda ya zauna, da wanda ya riga kowa fita. Mutumin da suka yi shekaru suna nunawa da baki yana kabari, kuma magana ba ta fasa fita ba. Yanzu in mun haɗu a ɗaurin aure, kowa yana auna abin da zai ce. Kawu dai ya fita daga bakinsu. Har akwai masu cewa ai su dama ba su taɓa yarda ba, ni kuwa in dube su kawai.

Kwanan baya Inna ta kira ni. Bayan gaisuwa ta ce tana da saƙo. Ta ce in sayi farin yadi na likkafani, in wanke shi da ruwan Zamzam, in shanya, in ba wani alhaji mai komawa gida ya kai mata. Haka alhazai ke yi tun da, masu tafiya su mutu a wani wuri. Ita ba ta taɓa tanadar sa ba, don ba ta taɓa zaton za ta buƙace shi ba. Sai kuka ya ƙwace mini. Ta ce, "Kai, kuka kake yi? Ka zaɓo mai kauri, ban son mai shara-shara."

Ban san yadda Baffa ya ji labari ba. Na dawo da yadin da jarkar Zamzam na same shi tsaye a ƙofata, ya rame, ya tsufa. Ya ce, "Ka ba ni in wanke mata da hannuna."

Na tsaya ina dubansa. Nadamar tsohon zargi ce ta kawo shi, ko ta wani abu da ya fi shi sabunta? Ban tambaya ba, shi ma bai ce ba. Na kawo baho na ba shi. Ya durƙusa ya naɗe hannun riga yana cuɗa yadin cikin ruwa, hawayensa na ɗiga a ciki. Ni kuwa ina tsaye a kansa har ya gama.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo maƙwabtan ƊakinKa. Ka yalwata masa kabari, Ka wanke shi a can fiye da yadda matarsa ta wanke shi a nan. Ita kuma, duk ƙasar da ta karɓe ta, Ka tashe ta tare da shi. Amin.